Tattaki a Gaɓar Tekun Badagiri: Sawun Hausawa a Kan Rairayi



Duk wanda ya tashi a nan Gombe, in aka ce masa babban ruwa, abin da zai faɗo masa a rai shi ne madatsar Dadin Kowa, ko kuwa kogin Gongola in ya cika ya batse da damina. Teku kam sai dai a talabijin. Amma kuma babu makon da zai wuce ba a yi lodin wake da masara a Tudun Hatsi an nufi Ikko da su ba, kuma da wuya ka sami gida a Jekadafari ko Bolari ko Tudun Wada wanda ba shi da wani nasa a Agege, ko Mile 12, ko Idi-Araba. Abin mamakin shi ne, a cikin 'yan uwan nan namu akwai wanda zai shekara 20 yana nema a Ikko, bai taɓa zuwa ya tsaya a bakin teku ba, balle ya san cewa masu jin harshensa sun riga shi taka wannan gaɓa da fiye da shekara 200.

To yau ga wata 'yar tafiyar ƙafa da nake son in kwaɗaita wa mai karatu, ko yana zaune a Kurmi, ko kuwa yakan leƙa can da kaya lokaci-lokaci. Garin sunansa Badagiri, yana yamma da Ikko, kimanin kilomita 60, kan hanyar da ta nufi iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. Daga Mile 2 ake samun mota, a bi ta Ojo, a wuce Alaba Rago inda mutanenmu suka daɗe suna cinikin tumaki. Mutanen garin Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, sarautarsu kuma Akran ake ce mata. Tsohon garin yana kwance ne a bakin wani dogon tafki da ya bi gaɓa, tsakaninsa da teku akwai siririn tsibiri mai suna Gberefu. Kusan duk abin da za a gani na tarihi yana jere a titin bakin ruwa da ake kira Marina da 'yan lungunan bayansa, babu tudu babu gangare. Daga nan sai a shiga kwalekwale a haye, a yi tafiyar kamar rabin awa cikin rairayi, sai ga teku. Dattijo zai iya, yaro ma zai iya. A dai yi sammako, a riƙe ruwan sha da hula mai baki, domin ranar wurin ba ta da zafin tamu amma tana da gumi.

Abin da ya sa na ga ya dace in yi wannan rubutu shi ne, idan ka bi 'yan rakiyar da ke zagayawa da baƙi, za ka ji labarin Turawan Fotugal, da sarakunan gari, da 'yan mishan, da baƙaƙen fatar Amurka masu zuwa neman tushe. Da wuya ka ji an ambaci Bahaushe. Alhali kuwa kusan duk inda aka tsaya da kai a wannan tafiya, in ka tona, akwai Bahaushe a wurin: wani a ɗaure, wani riƙe da igiyar, wani yana jan salla, wani yana tafinta, wani kuma da bindigar Bature a kafaɗa. Mu da ake yawan ce wa baƙi a duk inda muka sauka, ya kamata mu san wannan labari, da daɗinsa da ɗacinsa.

Bari mu fara da shekarun garin, don a nan ne ake fara saɓani. Mutanen gari sukan ce an kafa shi wajen 1425, kuma a kasuwar bayi ta Vlekete za a gaya maka tana ci tun 1502. Masanin tarihi Robin Law, wanda ya bi takardun Turawan da suka yi ciniki a wannan gaɓa, ya nuna cewa Badagiri ba ta zama tashar ciniki ba sai a shekarun 1730. Dalili kuwa, Dahomey ta ci Allada a 1724, ta ci Wida a 1727, mutane suka watse suka yo gabas suna neman mafaka. Wani ɗan kasuwa mutumin Holan mai suna Hendrik Hertogh ya kafa wurin cinikinsa a nan a 1736, aka kashe shi a 1738. Shi ne wanda mutanen gari ke tunawa da sunan Huntokonu. Garin ya bunƙasa da kayan da ke gangarowa daga daular Oyo, har 1784 lokacin da rundunar Dahomey ta ragargaza shi. Ya farfaɗo, amma kafin ya miƙe Ikko ta sha gabansa. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauka duk bawan da ya fito daga Arewa ta nan ya bi. Mafi yawansu ta Ikko, da Ajase wato Porto-Novo, da Wida aka fitar da su. Abin da Badagiri ta fi su da shi shi ne, a nan ne har yanzu za ka iya bin hanyar da ƙafarka tun daga kasuwa har bakin ruwa, gine-ginen zamani ba su haɗiye ta ba.

Yaya aka yi mutumin Gobir ko Zazzau ya tsinci kansa a kasuwar Vlekete? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba Bature ne ya hau har Katsina ya kamo shi ba. Tun kafin jihadi, fatake na gangarowa da kanwa da dawaki da tufafi da bayi ta Nufe da Bargu zuwa babban birnin Oyo, wanda Hausawa ke kira Katunga, daga can kuma Yarbawa su miƙa su bakin teku a karɓi taba ta Birazil, da barasa, da wuri, da albarushi. Hasali ma bautar da 'yantattun Musulmi na cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kuka da su, kuma kowa ya san labarin mutanen Gimbana da sojan Yunfa suka kamo, aka biyo da su ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu suka kwance su, abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Sai dai kash, shi yaƙi ba ya tambayar wanda ya fara shi da kyakkyawar niyya. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun zubo da kamammu daga kowane ɓangare: in masu jihadi suka ci gari a kama mutane, in aka ci su su ma a kama nasu, malamai da almajirai a ciki. Muhammadu Bello da kansa, a cikin Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya ambaci cewa mutanen ƙasar Yarbawa na sayen bayi daga ƙasarmu suna sayar wa Nasara, ya kuma ja kunnen mutane kada su sayar musu da Musulmi. Da ba a yi, da bai ja kunne ba. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya ƙiyasta cewa waɗanda aka ƙetara da su teku daga yankinmu, wato ƙasar Hausa da Barno da Nufe da maƙwabtansu, sun kai wajen mutum 100,000, kuma kusan dukkansu maza ne majiya ƙarfi. Mata da yara akan riƙe su a gida, ko a bi da su Sahara. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Kafin mu hango na Fotugal, mu tuna cewa a Arewa ba a soke bauta baki ɗaya a doka ba sai 1936.

Daga kasuwa in ka gangaro bakin ruwa, ka tsaya ka juya bayanka ga tafkin, ka fuskanci arewa. Hanyar da bayi suka gangaro ita ce wadda Kyaftin Clapperton ya haura. A watan Disamba 1825 ya tashi daga Badagiri tare da baransa Richard Lander, da nufin komawa wurin Sarkin Musulmi Bello, wanda suka gana da shi a Sakkwato a 1824 har suka tattauna batun hana kai bayi bakin teku. Suka bi ta Katunga, da Kayama, da Busa, da Nufe, da Zariya, da Kano, suka isa Sakkwato a ƙarshen 1826. A Kayama sun gamu da ayarin fataken Hausawa da ke komowa daga Gwanja da goro, mutum wajen 1,000 da dabbobinsu. Ka ji fa, wannan shekara 200 ke nan da suka wuce, ba mota ba jirgi. Clapperton bai koma gida ba, ciwo ya kashe shi a Sakkwato a watan Afrilu 1827.

Amma ni ba Clapperton ne ya fi ɗaukar mini hankali a wannan ayari ba. Akwai wani dattijo da Turawan ke kira Pasko, ko William Pascoe. Sunansa na yanka Abubakar, mutumin Gobir ne. An kama shi a gida, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgin 'yan Fotugal, jirgin yaƙin Ingila ya tare su a kan ruwa ya kwance su, shi kuma ya zauna yana aiki da sojan ruwan Ingila. Da Clapperton ya tashi neman mai jin Hausa da Turanci, sai aka haɗa shi da shi. Wato mutumin da ya fita daga ƙasar Hausa a ɗaure, ya komo ta ƙofar Badagiri yana tafinta tsakanin Bature da sarakuna, har ƙasar da aka haife shi. Lander ya cika littafinsa da ƙorafi a kansa, wai ɓarawo ne, wai ga son aure, wai ya sha guduwa a Kano ana kamo shi. Wataƙila haka ne. Amma a lura, duk abin da muka sani game da Abubakar daga alƙalamin iyayen gidansa ya fito, kuma mutumin da aka raba da ƙasarsa shekara da shekaru, in ya ga ganuwar Kano ya sulale, ban ga abin mamaki ba. Duk da wannan ƙorafi, da Lander ya sake dawowa a 1830 don bin Kwara har inda ta faɗa teku, wa ya nema? Abubakar ɗin dai.

Shi kansa Lander ya sha da ƙyar a garin nan. Da ya komo daga Sakkwato a ƙarshen 1827, dillalan bayi 'yan Fotugal suka kai sukarsa wurin manyan gari cewa ɗan leƙen asiri ne, aka yanke masa irin abin da mu muke kira shan gwaska: a ba ka ƙwaryar guba, in ka mutu kai mai laifi ne, in ka rayu ka kuɓuta. Ya shanye, ya ruga masauki ya sha maganin amai. Yau akwai titi mai sunansa a garin. Zuwansa na biyu, shi da ƙanensa John, ya dace da ƙarshen azumin Ramalana, a ƙarshen watan Maris 1830. A lokacin mai faɗa a ji a Badagiri shi ne Adele, sarkin Ikko da ɗan uwansa Osinlokun ya kora. 'Yan Lander sun rubuta cewa malaman Hausawa mazauna garin sun riƙa kawo musu ziyara, kuma sun je sun kalli sallar Idi a wani fili mai rairayi kewaye da itatuwa a bayan gari: jama'a sun ci ado, an yi alwala, an yi sahu, an idar, sannan aka shiga harba bindigogi da kaɗe-kaɗe. Mai karatu ya riƙe wannan shekara, 1830. Shekara 12 ke nan kafin ɗan mishan na farko ya sauka a garin, kuma kusan shekara 90 kafin a dawo da hedikwatar masarautar Gombe nan Doma a 1919, inda kakannin da yawa daga cikinmu suka biyo cinikin auduga da gyaɗa suka zauna. In ana maganar daɗewa a wuri, jama'ar Hausawan Badagiri ta girmi ta birnin Gombe nesa ba kusa ba.

Daga nan sai gidan da ya fi kowane suna a titin Marina, wani farin bene mai matakalar katako yana kallon ruwa, wanda ake yi wa kirari da benen farko a Nijeriya. Tarihinsa a taƙaice: daga 1839 'yantattun bayi Yarbawa suka fara komowa daga Saliyo suna sauka a Badagiri su wuce Abeokuta, su ne kuma suka nemi a turo musu malaman addininsu. Thomas Birch Freeman ya iso a Satumba 1842, ya yi wa'azi a gindin itacen Agia, wanda ya faɗi a 1959, yanzu akwai ginin tunawa a gurbinsa. A 1845 Gollmer ya kammala wannan gida, Samuel Ajayi Crowther ya zauna a ciki, za a kuma nuna maka ɗakinsa da tsofaffin littattafai. Gida ne mai kyan gani, ya cancanci a shiga. Amma batun benen farko, to, a yi mana afuwa. Hasumiyar Gobarau na tsaye a Katsina ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Gollmer, kuma Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya tarar da gidaje masu bene, ya rubuta. In aka ce benen farko irin ginin Turawa, ba mai musu. Ba sai ka tayar da jijiyar wuya da ɗan rakiya ba, shi ma abin da aka koya masa yake faɗa.

Akwai wani zare da ya haɗa gidan nan da mu. Crowther abokin tafiyar wani Bajamushe ne mai suna Schön a tafiyar Kwara ta 1841. Shi Schön ya koyi Hausa ne a bakin 'yantattun bayi Hausawa a Saliyo, ya buga littafin kalmomin Hausa da nahawunta a 1843. Ashe wannan bokon da nake rubutu da shi yanzu, kai kuma kake karantawa, farkon shigarsa ɗab'i daga bakin mutanen da aka sauke daga jiragen bayi ne.

Gidan tarihin iyalin Mobee ƙarami ne, ba zai ci maka lokaci ba. Sarƙoƙi ne da mari, na wuya da na ƙafa, da wani ƙarfe da aka ce na ɗinke leɓe ne. Za a ce ka ɗaga ka ji nauyi. Ka ɗaga. Gani ya kori ji.

Inda za ka daɗe shi ne gidan Seriki Williams Abass, daura da mashigar kwalekwale. Labarin da ake bayarwa shi ne, sunansa na asali Ifaremilekun Fagbemi, mutumin Joga Orile, an kama shi yana yaro, ya yi bauta a hannun wani Musulmi mai suna Abass, aka sayar da shi ga wani Williams wanda ya kai shi Birazil, ya koyi karatu, ya komo ya zama dillalin bayi shi ma. Sunayen iyayen gidansa biyu ya riƙe har mutuwa. A gidan akwai ƙananan ɗakuna da aka ce 40 ne a da, kowanne ana cusa mutum 40, da 'yar kafar iska can sama. An bar biyu yadda suke don baƙi, sauran kuwa jikoki da 'yan haya ne a ciki, ga shanya ga yara na wasa a tsakar gida. Za a nuna maka wata tsohuwar laima a ce mutum 40 aka bayar aka karɓe ta. Ni dai lissafin shekarun bai zauna mini ba: an ce an yi ginin a shekarun 1840, shi kuma Seriki ya rasu a 1919, Birazil kuwa ta rufe ƙofar shigo da bayi a 1850. In shi ya gina yana babban mutum, to ya kusa shekara 100 ko ya haura. Mai yiwuwa gadon wurin ya yi, mai yiwuwa kuma labarin mutum biyu ne ya haɗe. Wannan bai rage komai daga duhun ɗakunan ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sarautar tasa. Seriki ai sarki ne, kalmarmu ce Yarbawa suka ara, kamar yadda albasa ta zama alubosa a bakinsu, kuma shugaban Musulmin gari ne. Duk inda ka ji Seriki a ƙasar Yarbawa, to Bahaushe ya taɓa kwana a wurin.

Yanzu sai haye ruwa. Kwalekwale mai inji ne, 'yan mintoci kaɗan. A yi ciniki kafin a shiga, na zuwa da na dawowa, a kuma karɓi rigar ruwa a sa, musamman mu 'yan tudu da iyonmu bai wuce na kududdufi ba. Da ka sauka a Gberefu sai ka ji kamar an toshe maka kunne, hayaniyar gari ta yanke. Hanya ce miƙaƙƙiya cikin rairayi, dama da hagu ciyawa da dogayen itatuwan kwakwa, nan da can bukkokin masunta da komarsu a shanye. Akan sami masu sayar da ɗanyar kwakwa, a fasa maka ka sha ruwan. Tun ba ka ga teku ba za ka fara jin rurinsa, kamar hadari na tasowa daga nesa ba ya isowa. Wuri ne mai sanyaya rai, kuma wannan ne abin da ke damun mutum: kyan wurin bai san abin da aka yi a cikinsa ba.

Wajen tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya da aka kewaye. Ita ce ake kira rijiyar mantuwa. An ce an yi mata asiri, duk bawan da ya zo wucewa sai an tilasta masa ya sha, don ya manta garinsu da hanyar da aka biyo da shi, ya shiga jirgi ba gardama. A Wida ma akwai irin wannan labari, amma can itace ne ake zagayawa. Ko me aka zuba a rijiyar, za mu ga ko ya ci Bahaushe.

Ƙarshen hanya akwai ginin tunawa a wurin da ake kira mashigar da ba a komowa, bayansa kuma sai teku, Atlantika, iya ganinka. Farin rairayi ne shimfiɗe gabas da yamma, ga kwale-kwalen masunta an jawo su tudu, ga raƙuman ruwa na tasowa suna dukan gaɓa ba hutawa. A tsaya daga baya-baya, a riƙe hannun yara, kada a ce za a yi wanka, ruwan wurin yana ja. Wannan haukan ruwa shi ne dalilin da ya sa manyan jirage ba sa matsowa. Can nesa suke tsayawa, a riƙa kai musu mutane a kwalekwale, a ɗaure, cikin waɗannan raƙuman. Ka tuna kuma yawancinsu irinmu ne, ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Kwara ba. Bayan 1815 cinikin a wannan yanki ya zama fasa-ƙwauri ko a dokar Fotugal, jiragen yaƙin Ingila na sintiri, don haka lodi cikin gaggawa ake yinsa, wani lokaci da dare.

In ka miƙa hannunka kudu maso yamma, can ƙetare, Bahiya ce ta ƙasar Birazil, inda aka kai mafi yawan mutanenmu noman rake da taba da dako a birnin Salvador. To ga amsar rijiya. A watan Mayu 1807 gwamnan Bahiya ya bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa, aka sami bakuna da kibau da layu a gidan da suke taruwa, kuma cikin shirinsu har da ƙwace jirage a tashar ruwa su komo gida. A 1809 suka sake tashi. A Fabrairu 1814 suka ƙone sansanonin masunta a Itapuwa, takardun shari'a kuma suka kira jagoransu da laƙabin malomi, wanda ba sai an fassara wa Bahaushe ba. Babban tawayen shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramalana, lokacin da mutum wajen 600 suka fito titunan Salvador cikin fararen riguna. A wannan karon Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, amma akwai Hausawa, cikinsu har da wani 'yantacce mai sayar da taba da ake kira Dandara, wanda ke koyar da karatu a shagonsa. An murƙushe su kafin gari ya waye sosai, an kashe wajen 70, aka yi wa wasu bulala, aka koro wasu zuwa wannan gaɓa tamu. Layun da aka cire daga jikinsu, da ayoyin da suka rubuta da hannunsu, suna nan ajiye a ɗakin adana takardu na Bahiya, kuma masanin tarihin Birazil João José Reis ya yi littafi guda a kansu.

Akwai ma abin dariya a ciki. Wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya shiga tara bayi Hausawa yana yi musu tambayoyi, ya buga littafi a 1851. Shi abin da ya dame shi wai ya gano ko gaskiya ne akwai mutane masu wutsiya a tsakiyar Afirka. Su kuwa, cikin amsa wannan shirme, suka riƙa jero masa garuruwansu, Kano da Katsina da Zazzau da Barno, da yaƙin da aka kama kowa, da zango-zangon da aka bi da shi har Ikko, wasu bayan shekaru masu yawa a bauta. Babu abin da suka manta.

In an huta an sha iska, sai a juyo. Kafin a nemi mota akwai wuri ɗaya da ya rage a titin bakin ruwa, wato babban gidan tarihin garin, wanda asalinsa ofishin Di'o ne da aka gina a 1863, shekarar da sarakunan Badagiri suka sa hannu garin ya shiga ƙarƙashin Ingila. A ciki akwai hotuna da sarƙoƙi da taswirori, daga barandarsa kuma ana hango tafkin da tsibirin da ka baro. Ita wannan shekara ta 1863 tana da wata ma'ana a wurinmu. A cikinta ne John Glover, wanda ya riƙe mulkin Ikko, ya fara tara bayi 'yan Arewa da suka gudo daga hannun iyayen gidansu Yarbawa, ya ba su kaki da bindiga. Duk wanda ya fito daga sama da Kwara yana jin Hausa, ko Banufe ne ko Babarbare, sunansa Bahaushe a wannan runduna, aka kuma riƙa kiransu Hausawan Glover. Ga bawan da ya gudo, kaki shi ne 'yancinsa, ba mai iya zuwa bariki ya ce a ba shi kayansa. Da su aka tsare Ikko da Badagiri, da su Glover ya tafi yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874, kuma har yau rundunar sojan Nijeriya daga 1863 take ƙirga shekarunta.

Daga wannan ɗan somi Turawa suka gane cewa da Bahaushe za su ci ƙasa. Shekara 40 bayan haka, rundunar Lugga ta ci Kano a Fabrairu 1903, ta ci Sakkwato a Maris, ta biyo sawun Sarkin Musulmi Attahiru da jama'ar da suka yi hijira tare da shi har ƙasar Gombe. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi karon ƙarshe a Burmi. Turawan da ke wurin 'yan ƙalilan ne, hafsoshi. Masu riƙe da bindigogin Hausawa ne da Yarbawa da sauran 'yan ƙasa, umarnin ma da Hausa ake ba su. Waɗanda suka tsira daga jama'ar Attahiru suka miƙa gabas, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Kabarin Sarkin Musulmi Attahiru da na Manjo Marsh, wanda kibiya ta kashe a ranar, duk suna nan a Mbormi kusa da Bajoga, cikin ƙaramar hukumar Funakaye.